Tsintsiyar da Na Ɗaure a Leda

Shekarun baya, a shekarar da na kammala digiri a fannin nazarin laifuka da tsarin shari'ar masu laifi, na koma gida Roni ina jiran kiran bautar ƙasa. Na koma da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na littattafai, kuma na littattafan ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ban ɓoye wa kowa cewa na karanto wani abu ba. Ko kaza ce ta ɓace a unguwa, sai na tambayi wanda ya yi mata ganin ƙarshe, da kuma ƙarfe nawa ne a lokacin. Mahaifiyata takan dube ni ta girgiza kai ta ce, "Auta, kazar ma za ta dawo kafin ka gama tambayoyinka."

A cikin kakar wannan shekara, ana tsaka da cirar gyaɗa, matar yayana ta haifi ɗa namiji, jika na fari a gidanmu. Yayana ya tafi kasuwar Babura ya sayo ragon suna, uda ne ƙosasshe, gabansa baƙi, bayansa fari. Aka kafa masa turke a gindin darbejiyar ƙofar gida. Suna ya kama ranar Asabar.

Dole in gabatar da maƙwabcinmu a nan, domin labarin nasa ne fiye da nawa. Kafinta ne, rumfarsa tana jingine da katangarmu. A ƙuruciyarsa ya biye wa miyagun abokai, aka kama su da awakin mutane, ya yi shekara biyu a gidan gyaran hali. A can ya koyi sassaƙa da haɗa katako. Ya dawo ya yi shekara huɗu ba a ji kansa da kowa ba. Sannan ya ga wata yarinya a Babura, 'yar wani mai sayar da hatsi, ita ma ta gan shi. Mahaifinta ya daɗe yana jan ƙafa saboda tarihin nan, daga bisani ya ce zai zo sunan gidanmu, tunda akwai sanayya tsakaninsa da yayana, ya ga mutumin a cikin mutanensa, ya ji abin da unguwa take faɗa a kansa. In ya gamsu, a sa rana. Duk unguwa ta san da wannan magana.

Ranar Alhamis da hantsi maza sun tafi gona, mata suna cikin gida suna surfe, ni kuma ina ɗaki ina karatu. Na fito in miƙe ƙafa, sai na ga gindin darbejiya wayam. Babu rago, babu igiya. Turke kaɗai ya rage, a jikinsa an ɗaure wata tsohuwar tsintsiya guntuwa da jan ƙyalle.

Ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci: abin da na yi, shi littafi ya ce a yi. An koya mana cewa wurin da aka aikata laifi shaida ne da ba ya ƙarya, amma ƙafafun 'yan kallo suna kashe shi cikin minti kaɗan. Saboda haka kafin in kira kowa, na sa hankici na kwance tsintsiyar ba tare da yatsana ya taɓa ta ba. Na sa ta a sabuwar leda, na ɗaure, na manna takarda na rubuta: "Hujja ta ɗaya. An same ta a jikin turke, ƙarfe goma da kwata." Na kai ta akwatin littattafai na kulle. A lissafina, ɓarawon ya yi amfani da ita ne ya share sawunsa. Dalilin da zai sa ɓarawo ya tsaya ɗaure tsintsiya da jan ƙyalle bayan ya gama shara, wannan ban tambayi kaina ba. Sai da na gama duk wannan na ɗaga murya na ce an sace rago.

Yayana ya dawo daga gona a guje, ƙasa har gwiwa. Mahaifiyata ta leƙo daga zaure ta ce masa, "Ka duba turken da kyau? Ba a bar komai a jikinsa ba?"

Ya zagaya turken sau biyu. "Babu komai, Inna."

Ta ce, "To, wannan ba wasa ba ne."

Ina tsaye na ji su da kunnena. Na yi gum, domin an koya mana cewa mai bincike ba ya bayyana hujjarsa kafin lokaci. Har wani daɗi na ji a raina, cewa na san abin da ba su sani ba.

Kafin azahar an sami shaida. Wani dattijo da yake tufka igiya a tsallaken hanya ya ce da safe ya ga wani kamar kafinta yana kwance igiyar ragon, daga nan shi ya shiga gida karin kumallo. Ya ƙara da cewa idonsa ba ya gani sosai, amma wannan ɓangaren ba wanda ya ɗauka. Ni kuma na ɗauko tef na auna sawun da ke kusa da turke, na tarar da shatin takalmin roba irin na kafinta. Akwai kuma sawun tayar babur, sai dai na yi watsi da shi, tunda babu lungun da babur ba ya bi a Roni.

Ban faɗi sunan kowa ba. Amma mutane sun gan ni durƙushe da tef, sun ga inda na kalla da na ɗago kai. Hakan ya wadatar. Zuwa la'asar, bencin ƙofar rumfarsa, inda matasa suke cika kullum, babu kowa a kai. Na ji ana cewa hali zanen dutse ne. Wata mata ta zo ta ɗauke kujerarta da ta kawo gyara, da ƙafa uku ta tafi da ita.

Yayana ya ce shi ofishin 'yan sanda zai tafi. Na tare shi na yi masa bayani a tsanake, cewa tsarin nan matakai uku ne, 'yan sanda su bincika, kotu ta yanke, gidan gyaran hali ya tsare, kuma ko a matakin farko aka sallami mutum, labarin an kai shi zai riga shi isa Babura. Ya ce in ajiye masa lacca. Mahaifiyata ce ta raba gardamar da jimla guda: "Ba za a kai ɗan maƙwabta ko'ina ba sai mai unguwa ya ji." Aka tsayar da zama gobe bayan sallar Juma'a.

Da yamma na shiga rumfar kafinta. Yana goge wani katako, bai ɗago ba.

"Malam, ƙafar ka zo aunawa? Ga ta."

Kunya ta kama ni. Na ce na zo ne in sanar da shi haƙƙinsa: doka ba ta tilasta wa wanda ake tuhuma ya faɗi abin da zai cutar da shi ba, kuma dattijon da kansa ya ce idonsa ba ya gani sosai.

Ya ajiye abin gugar. "Ni ne na kwance igiyar. Rana ta cim masa, na matsar da shi inuwa, na zuba masa harawa, na ɗaure, na tafi kai wata ƙofa bayan gari. Haka zan faɗa gobe."

"Za su riƙe rabin farko su yar da na biyu."

"Na sani. Amma ƙarya ce ta fara kai ni wancan gidan, ba zan sake hawa motarta ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ka san wani abu, Malam? Zaman can shekara biyu ne, an faɗa mini ranar fita tun ranar shiga. Na garin nan ne ban san ranar ƙarewarsa ba."

Na yi jarrabawa a kan wannan batu, yadda jama'a suke liƙa wa mutum tambarin laifi har ya fi hukuncin alƙali daɗewa a jikinsa. Na ci maki mai kyau. Amma sai a rumfar nan na fahimci abin da na rubuta. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa ba sai yau ita ce, da na fito, kashi ɗaya na zuciyata yana cewa mai yiwuwa shi ne.

Washegari bayan an sauko daga masallaci aka hallara a zauren mai unguwa. Ga liman, ga yayana, ga dattijo mai tufka, ga kafinta a gefe shi kaɗai a kan tabarma. Mahaifiyata da wasu tsofaffin mata suna daga bayan ƙofar cikin gida, inda za su ji komai. Ni kuwa na sha babbar riga, ga littafin rubutu a hannu, ga leda a cikin aljihu.

Dattijo ya faɗi abin da ya gani. Kafinta ya faɗi abin da ya gaya mini, bai rage ba, bai ƙara ba. Zaure ya ɗauki gunaguni. Sai na nemi izini na miƙe.

"Ranka ya daɗe, laifi a idon doka ƙafa biyu gare shi. Akwai aikin laifi, akwai niyyar laifi. In ɗaya ta ɓace, laifi ba ya tsayuwa. Na biyu, wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana kan mai ƙara."

Liman ya gyara zama. "Wato hujja tana kan mai da'awa. Wannan shekara huɗu ka yi kafin a gaya maka? Da ka zo zaurena da a zama ɗaya mun gama."

Aka yi dariya kaɗan. Mai unguwa ya ce, "Ɗan boko, taƙaita mana, la'asar ba ta jiran lauya."

"Ranka ya daɗe, ina da hujjar da ba wanda ya gani."

Na fito da ledar, na karanta rubutun da ke jiki da murya mai nauyi, har da ƙarfe goma da kwata. Na kwance, na sa hankici na ɗaga tsintsiyar sama, jan ƙyallenta yana lilo.

Yayana ya buɗe baki bai rufe ba. Sai daga bayan ƙofa aka ji salati, salatin ya rikiɗe ya zama dariya, dariyar ta kama tsofaffin nan gaba ɗaya har wata tana tari. Mahaifiyata ta leƙo, mayafinta a baki.

"Auta, a ina ka ce ka samo wannan?"

"A jikin turke, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

"Ina tambayar yayanka ko an bar wani abu, kana tsaye?"

"Ina tsaye, Inna. Sirrin bincike ne."

Yayana ya dafe kai da hannu biyu. "'Yar kawu! Wallahi 'yar kawu ce!"

Ga abin da kowa a zauren ya sani ban da ni, da na yi rabin rayuwata a makarantun kwana. A danginmu na wajen uwa, idan mutum ya yi haihuwar fari, taubashinsa yana da damar ya lallaɓo ya kwance ragon suna ya tafi da shi gidansa. Sharaɗin guda ne: ya bar tsintsiya ɗaure a turke, don a san wasa ne, kada hankalin kowa ya tashi. Shi kuma uban jariri ya bi sawu ya je ya durƙusa, ya share tsakar gidan taubashin nasa, sannan a ba shi ragonsa. Taubashiyarmu, 'yar ƙanin mahaifiyata, tana aure a Gwiwa, kuma tun muna yara take kiran mu bayinta.

Mai unguwa ya ce a kira ta a waya, a buɗe murya kowa ya ji. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Sai yanzu, bawana? Tun jiya na dama fura, ta yi tsami na sake wata. Girman kai ne ya hana ka zuwa, ko tsintsiyar ce ta fi ƙarfinka?"

Kafin yayana ya amsa, sai ga kukan rago daga cikin wayar, ƙato, a sarari. Ban taɓa jin zaure ya fashe irin na ranar ba. Dattijo mai tufka yana ta cewa, "Ai na faɗa muku idona ba ya gani!" Liman yana share hawaye da gefen rawani.

Da aka gaya mata abin da ya faru, muryarta ta sauya. "Innalillahi! Bawan Allah ya kwana da wannan a kansa? Ni da hannuna na ɗaure tsintsiyar, mijina yana riƙe da babur. Wane ne ya cire ta?"

Kowa ya juyo ya dube ni, ina tsaye da ita a hannu, cikin hankici.

Mai unguwa ya bari aka natsu, sannan ya ce, "To, bari mu gwada ƙafafun nan biyu da ɗan boko ya kawo mana. Ita ta Gwiwa ta ɗauki rago, aiki ya tabbata. Niyyar sata fa?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

"Kafinta fa?"

"Babu aiki, babu niyya."

"Madalla. Saura wanda ya ɗauke hujja daga wurinta ya kulle a akwati, har aka kusa kai mai gaskiya gaban hukuma. Aiki?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Niyya?"

"Allah ya sani babu."

"To ka gode wa malamanku, karatunka ya cece ka da ƙafa ɗaya. Amma ba za ka tafi haka ba. Kai za ka yi sharar Gwiwa tare da yayanka. In kun dawo, ka bi unguwar nan ƙofa ƙofa ka faɗi abin da ya faru da bakinka. Da tef ɗinka aka shafa masa baƙi, da bakinka za a wanke."

Yayana ya tashi ya je gaban kafinta ya durƙusa a kan tabarmar, ya riƙe hannunsa ya nemi gafara a gaban kowa. Kafinta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, muka ɗauka kuka yake yi. Da ya ɗago, kukan ne da dariya a haɗe. Ya nuna ni ya ce, "Ƙarfe goma da kwata!" Zaure ya sake rushewa.

Mu uku, ni da yayana da kafinta, muka tafi Gwiwa a kan babura biyu. Taubashiyarmu ta shimfiɗa wa kafinta sabuwar tabarma a inuwa, ta ajiye masa ƙwaryar fura da nono, ta ba shi haƙuri har sau uku. Mu kuwa ta miƙa wa yayana tsintsiya mai kyau, ni ta ce in yi da hujjata. Na tattare babbar riga na duƙa da guntuwar tsintsiyar nan, tana bina a baya tana nuna inda na tsallake. "Nan ma, mai digiri. Ka rubuta ƙarfe nawa ka share shi." Matan gidan suna guɗa. Ragon yana gefe yana tuƙa, ya fi kowa kwanciyar hankali.

Da muka dawo na fara zagayen ƙofofi. A nan na gane cewa zargi a kan babur yake tafiya, wankewa kuwa da ƙafa. Abin da ya bazu cikin sa'a biyu sai da na yi gida ashirin da wani abu ina kwance shi, kowane gida sai an sa na maimaita wurin leda. Matar nan mai kujera ta saurare ni har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta fito da kujerarta mai ƙafa uku, ta ɗora mini a ka ta ce in mayar masa.

Ranar Asabar aka raɗa suna, aka yanka rago, kuma kafinta yayana ya ba riƙon ƙafafunsa. Mai hatsi ya iso daga Babura da safe. Labarin ya riga ya kai masa, na farkon da na biyun duka. Bayan an shafa fatiha ya sa aka kira kafinta, ina kusa ina raba goro.

"An ce tsohon da ya gan ka bai tabbatar ba. Da ka musa, da ba mai kama ka. Me ya sa ka ce kai ka kwance igiyar?"

"Domin ni na kwance ta, Baba."

Mai hatsi ya gyaɗa kai. Sannan ya juya wajen yayana ya ce, "Ku turo manyanku bayan an gama ɗaukar amfanin gona." Daga cikin gida guɗa ta tashi, domin mahaifiyata, kamar kullum, tana bayan ƙofa.

Yau ina aiki a fannin da na karanta, kuma ban raina ko shafi ɗaya na littattafan nan ba. Ƙa'idar killace hujja daidai ce. Kuskurena shi ne na ɗauka hujja tana magana da kanta, alhali da harshen mutanen wurin take magana, ni kuma ban tsaya na koyi harshen gidanmu ba. Tambaya ɗaya ga mahaifiyata da ta hana bawan Allah kwanan baƙin ciki. Tun daga lokacin, duk inda aiki ya kai ni, kafin in buɗe littafin rubutu nakan nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin, in gaishe ta, in tambaye ta abin da idona ya gani. Kuma idan aka kawo mini mutum aka fara da cewa ai ya taɓa yi, nakan tuna bencin nan da ya wayi gari babu kowa a kai.

Kafinta yana nan, 'ya'yansa uku, yara biyar suna koyon aiki a rumfarsa. Har yau in na je gida ba ya kira na da komai sai Goma da Kwata.

Bara Allah ya ba ni 'yar fari. Na sayo rago na ɗaure a gindin darbejiyar nan. Ana jibi suna na fito da hantsi na tarar da turke wayam, ga tsintsiya da jan ƙyalle. Na mayar da hannuwana baya na haɗe su, na ja da baya taku uku, na ƙwala wa mahaifiyata kira, na kira yayana, na kira dattijo mai tufka, na ce kowa ya zo ya gani da idonsa. Kafinta ya fito daga rumfa yana kakkaɓe garin katako. Ya dubi tsintsiyar, ya dube ni, ya sa hannu a aljihu ya zaro sabuwar leda ya miƙo mini.

Na ce masa a'a, na gode. Na shiga gida na ɗauko hular tafiya Gwiwa.